Babi na Bakwai: Dada a Kan Gashi Mai Santsi

Duk makitsiyar da ta daɗe tana dafa kawunan mutane tsakanin Batsari da Safana ta san gashi iri biyu ne ke zama a gabanta. Akwai mai ƙarfi, murɗaɗɗe, wanda in ka saki sili ɗaya zai nannaɗe kansa ya koma gindi. Shi wannan ana kama shi ya kamu, kitsonsa kan yi wata bai motsa ba. Akwai kuma mai laushi da santsi, siriri, mai tsawo, irin wanda aka fi gani a rugagen Fulani da ke wajejen Ruma da Wagini da Runka da sauran garuruwan bakin Dajin Rugu, da kuma gidajen da aka yi auratayya da su. A wasu kawunan yana da ɗan lanƙwasa, a wasu kuwa miƙe yake sak. Shi ne gashin da ake yabo a gidan biki, shi ne kuma wanda makitsiya ke yi wa tsaki a ranta, don kafin mako ya zagayo bakin kitson ya fara zamewa.

Yanzu ga samari sun taso da waya a hannu, suna kallon 'yan ƙwallo da mawaƙa da igiyoyin dada har kafaɗa, wasu kuma suna zuwa ci-rani Legas da Fatakwal su gani da idonsu. Mai murɗaɗɗen gashi in ya so, murzawa kawai zai yi ya daina tajewa, gashin ya ƙarasa sauran aikin da kansa. Mai gashi mai santsi shi ne zai sha mamaki. Zai murza da dare, ya farka da safe ya tarar komai ya warware.

Dalilin yana jikin silin gashin. In aka sa shi a madubin likita, za a ga jikinsa lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar jinkar ɗaki, bakinsu duk yana kallon ƙarshen gashi. In aka yanka silin aka dubi bakinsa, na miƙaƙƙen gashi kusan zagayayye ne, na murɗaɗɗe kuwa a ɗan baje yake, shi ya sa yake lanƙwashewa yana sarƙe maƙwabcinsa. Dada ba komai ba ce illa silin gashi da suka sarƙe juna har suka cure. Abu biyu ke kawo wannan: lanƙwasa da kaushi. Gashi mai santsi kusan ba shi da ko ɗaya. Ɓawonsa a kwance yake luf, ga shi kuma maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa a jikinsa ba tare da wani shinge ba, sai ya ƙara masa sulɓi.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai wannan niyya ya riƙe. Kan mutum na ɗauke da silin gashi wajen 100,000, kuma kullum tsakanin 50 zuwa 100 na zubewa, wasu na tsirowa a madadinsu. Mai taje kai yana ganinsu a mataji ya yar. Mai dada ba ya yar da ko ɗaya. Suna tsinkewa daga gindi amma suna nan maƙale a cikin igiyar, su ne ma ke ƙara mata kauri. Gashi kuwa ba ya ƙara tsawon da ya wuce santimita ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba a wata. Saboda haka kowace shekara igiyar na ƙara nauyi, alhali gashin da ke riƙe da ita a gindi bai ƙaru ba. Za mu dawo kan wannan, don a nan ne siririn gashi ke cin amanar mai shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, duk ilimin da ake buƙata yana nan a ruga, sai dai a juye. Dubi yadda uwa ke gyara kan 'yarta: ta jiƙa karkashi har ya yi yauƙi ta wanke kan da shi, ta shafe shi da man shanu tun daga gindi har ƙarshe, ta bi shi da mataji a hankali, sannan a kama kitso. Kowane mataki a nan an yi shi ne don kada gashi ya sarƙe. Karkashi na sa santsi, man shanu na kwantar da ɓawon sili, mataji na raba waɗanda suka fara ƙulla zumunci. Matan nan sun san abin da ke cure gashi sarai, shi ya sa suke yaƙarsa. Mai son dada sai ya bi sawunsu da baya: ba yauƙi, ba mai a jikin gashi, ba mataji bayan an gama. Samarin Fulani da ke kitso da ado lokacin shaɗi su ma ba dada suke yi ba. Kitso ne da ake tsefewa a sake, kuma a al'adar da yawa daga Fulanin daji, saurayi kan aske shi in ya zama magidanci.

Kada a ɗauka miƙaƙƙen gashi ba ya curewa. Masu zuhudun addinin Hindu a Indiya, waɗanda gashinsu ya fi na kowa a nan santsi, suna da igiyoyin da kan kai ƙugu, suna shafa musu toka. A ƙasar Folan ta Turai an yi zamanin da talakawa ke barin gashi ya dunƙule ya zama curi guda, suna ganin yana zuƙe cuta daga jiki, kuma yanke shi na jawo masifa, har sai da wani likita a birnin Krakow, Józef Dietl, ya tashi haiƙan a ƙarni na 19 yana nuna musu cewa rashin wanka da tajewa ne kawai. Larabawa ma sun san wani abu mai kama da haka: mai harami kan shafa danƙo a kai don gashi ya manne, ƙura da ƙwarƙwata kada su shige shi a doguwar tafiya, kuma ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi haka da ya ɗaura harami. Wannan na 'yan kwanaki ne, ana askewa in an sauke harami. Kusa da mu kuwa akwai 'yan Baye Fall na Senegal masu tara dada, mabiya Shehu Ibra Fall, almajirin Shehu Ahmadu Bamba na ɗarikar Muridiyya. Mutanenmu dai sun fi sanin abin ta hanyar 'yan Rasta na Jamaika da Bob Marley, wanda ya rasu a 1981.

To yaya ake farawa? Hanya mafi arha ita ce a jefar da mataji a zuba ido. A kan gashi mai santsi wannan na iya cin shekara ɗaya ko biyu, kuma abin da zai fito ba shi ne na cikin waya ba. Ƙeya, inda ake kwanciya a kai, za ta dunƙule ta zama faifai guda, gaban goshi kuma yana nan yana lilo. Wannan shi ne gizo, kuma ban ga dalilin da mutum mai sana'a da iyali zai bi ta nan ba.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan gashi tana buƙatar mutum biyu da yini guda ko fiye. Gashin ya kai aƙalla tsawon tafin hannu, santimita 15 ko fiye, don zai tsuke sosai. A wanke shi da sabulun da ba ya barin maiƙo, a bar shi ya bushe ƙarau. Mai aikin ta zaunar da mai gashin a tabarma, ita tana kan kujera 'yar tsugunno, kansa a tsakanin gwiwoyinta. Ta ɗauki kibiya ta tsaga kan gida-gida tun daga ƙeya, kowane gida faɗinsa kamar santimita biyu zuwa biyu da rabi, ta jera su a karkace yadda tsagar layin sama ba za ta faɗa kan ta ƙasa ba, don kada fatar kai ta riƙa bayyana. Sai ta kama gida ɗaya da hagu ta miƙar da shi, ta sa matajin ƙarfe mai ƙananan haƙora kusa da gindi, ta tura gashin baya, wato wajen fatar kai. Ba duka take turawa ba, 'yan silin da haƙoran suka kama ne kawai. Ta sake, ta sake, tana ɗan juya igiyar a yatsunta, har gindin ya cika ya yi tauri, sannan ta matsa gaba kaɗan. In ta kai ƙarshe ta sa igiyar a tsakanin tafukanta ta mulmula. Daga nan sai kwarashi, mafi sirantar da ake samu, wanda bakinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ta soka shi ya ratsa igiyar, ta jawo silin da suka yi tsaye a waje ta cusa su ciki, da sauri-sauri, tana juyawa. Igiya ɗaya kan ci kwata ko rabin awa. Kai guda kuma na iya ɗaukar igiya arba'in ko hamsin.

Akwai zafi, ba a ɓoye wannan. In yaro ya fara zille-zille, abin da zai ji daga bakin tsohuwa bai wuce, "Kai ɗan nan, tsaya wuri ɗaya. Kai ka ce kana so, ni ban aike ka ba." Shi kuma ya ce, "Goggo, a dai sassauta gindin." Kuma gaskiyarsa, a nan ya fi ta. Hannun da ya saba da kitson mata ya saba da ja, don kitso ya daɗe. Dada ba ta son haka. A bar ɗan sarari tsakanin fatar kai da inda curin ya fara.

Maganar faɗin gida ita ce ta fi komai muhimmanci ga mai siririn gashi, kuma ita aka fi kuskurewa. Saurayi zai nuna hoton wani mai sirara-siraran igiyoyi ɗari da wani abu ya ce irin wannan yake so. Wancan gashinsa cike yake, kowane ɗan gida na da silin da za su ɗauki kaya. A kan da gashinsa bai da yawa, ƙaramin gida na nufin 'yan sili kaɗan ne za su riƙe igiyar da ke ƙara nauyi kowace shekara, balle in ta sha ruwa. Sannu a hankali gindin ya sirance, wata rana igiyar ta faɗo a kan filo. In kuma ana yawan murɗa gindi ko ɗaure igiyoyin tamau a baya, sai gashin gaban goshi da na gefen kunne ya fara ja da baya. Likitocin fata sun san wannan sanƙon na ja, kuma kowa ya gan shi a goshin matan da suka shekara suna kitso mai tsauri. In aka farga da wuri gashin na dawowa. In tushen ya mutu ya zama tabo, shi ke nan.

Watanni ukun farko na ban haushi ne. Igiyoyin za su yi buzu-buzu, wasu su lanƙwashe, wasu su yi kumburi a tsakiya, bakin wasu ya warware, tsawon ya ragu har mutum ya yi zaton gashinsa ake sacewa. Duk wannan alamar aiki na tafiya ne, silin suna neman wurin zama. A kan gashi mai santsi, igiya ba ta nuna sosai, ta yi tauri ta kwanta, sai bayan shekara, wani lokaci ɗaya da rabi. A wannan tsakanin ne masu kanti ke cin kasuwa, suna sayar da kakin zuma da man gashi mai danƙo da sunan suna kama dada. Ranar farko kai zai yi kyau. Amma kaki manne gashi yake yi, ba ya bari silin su motsa su sarƙe, kuma ruwa ba ya fitar da shi. A ƙasar da hunturu ke busa ƙura tun daga Nuwamba har Fabrairu, duk abin da ke da danƙo a kai tarkon ƙura ne. Haka basilin, haka man shanu, wanda shi har tsami yake yi a cikin igiya in zafin bazara ya buga shi. In fatar kai ta bushe tana ƙaiƙayi, a lakaci man kaɗe ko na alayyadi ɗan kaɗan a bi tsaga da shi, a bar jikin igiyar.

Masu cewa datti ke cure gashi sun juya maganar. Gashi mai maiƙo zamewa yake yi, wankakke shi ke sarƙewa. Sau ɗaya a mako ya isa, a narka sabulu a ruwa a zuba a fatar kai, a cuɗa da yatsu ba da farce ba, a bar kumfar ta gangara. Ɗauraya ita ce aikin. Inda ruwan rijiya ke da zartsi, sabulu kan bar wani farin datti da ke maƙalewa a cikin igiya. Ɗan ruwan lemun tsami a ruwan ɗauraya na ƙarshe na rage shi. Wasu na sa kanwa don ta ba gashi kaushi, kuma tana yi, don tana ɗaga ɓawon sili, amma siririn gashi ba ya jure ta, karyewa yake.

Sai bushewa. Igiyar da ta nuna tana riƙe ruwa a cikinta sa'o'i bayan wajenta ya bushe. A bazara wannan ba matsala ba ce, ranar Afrilu a Safana za ta busar da komai kafin azahar. A watan Agusta ne ake jin jiki. Mutum ya wanke kai da yamma, ko ruwa ya dake shi a gona, ya cusa hula ya kwanta, bayan 'yan kwanaki hunhuna ta kama cikin igiyar, ga wani wari da turare ba ya rufewa. Wankin kai da safe ake yi, a matse igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da tawul, a bar su a sake har su bushe.

Hausawa sun hana kitso da ƙwarƙwata, kuma a nan maganar a zahirinta take. Kafin a fara a duba kan da kyau, musamman ƙeya da bayan kunne, inda ƙwai ke mannewa a gindin gashi. Maganin ƙwarƙwata yana tafiya ne da tajewa da ƙaramin mataji, mai dada kuwa ya rufe wannan ƙofa. Kada a kuskura a zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a kai, kamar yadda wasu ke yi. Guba ne da ke ratsa fata. Makero ma haka, wanda ya fi kama yara: man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga asibiti.

Musulmi kuma yana da tambayar da ɗan Jamaika ba shi da ita, ta alwala da wanka. A alwala shafar kai ake yi, hannu ya bi ta kan igiyoyin. A wankan janaba dole ruwa ya isa fatar kai. Ummu Salama ta tambayi Annabi ko sai ta kwance kitsonta, aka ba ta sauƙi cewa kamfata uku na ruwa sun wadatar. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake bi a ƙasar Katsina, sun ɗora sharaɗi a kan haka: in kitson ya yi tsaurin da ruwa ba ya ratsa shi, ko an cika shi da zare, sai an kwance. Igiya mai tsabta tana shan ruwa, mai kaki kuwa ruwan zamewa yake yi a kanta, ga wani dalilin kuma na guje masa. Akwai kuma hanin aske wani sashe na kai a bar wani, wanda shi ne salon da samari suka fi so, a kwashe gefe a bar dada a tsakiya. Wanda abin ya dame shi ya je wurin malamin unguwarsu da kan nasa a buɗe, malamin ya gani da idonsa.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka kwatanta da abin da ke jiran mai dada a bakin hanya. Tun asali Bahaushe na danganta gizo da taɓin hankali ko bori, yaron da aka haifa gashinsa na curewa kuma a ce na iskoki ne, har wasu iyaye su ji tsoron sa masa aska. Yarabawa su girmama irin waɗannan yara suke yi. Hisbar Kano ta sha kama samari tana yi musu ƙwal-kwabo saboda aski. Amma a Batsari da Safana abin ya wuce maganar tarbiyya. Ƙananan hukumomin biyu na cikin waɗanda ta'asar 'yan bindiga ta fi shafa. Suna cikin wuraren da Gwamna Aminu Bello Masari ya nemi sulhu a 2019, suna kuma cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layin waya a Satumbar 2021. Mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa aka kore wa shanu sun koyi karanta baƙo tun daga nesa: takalminsa, babur ɗinsa, rawaninsa, sumarsa. Tarin suma a wurinsu alama ce ta wanda ya daɗe a daji bai ga wanzami ba. Karatun nan na yawan kuskure, kuma wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Bafulatanin da bai san hawa ba bai san sauka ba, wanda shi ma an sace masa garke. Ba adalci ba ne a yanke wa mutum hukunci da gashinsa. Amma duk wanda ya ce wa saurayi mai kama da Fulani ya tara dada ya bi hanyar Runka ko ta Jibiya ba tare da ya gaya masa wannan ba, bai yi masa adalci ba shi ma. Abin da yake ado a Legas, a shingen 'yan sa-kai tambaya ce mai wuyar amsawa.

Akwai kuma gizon da ba wanda ya zaɓa. Matan da aka sako bayan makonni ko watanni a hannun masu garkuwa sukan dawo da kitson da aka kama su da shi, ya cure a gindi, ga ƙasa ga ƙwarƙwata. Abin da dangi ke fara tunani shi ne almakashi, kuma ga mace wannan wani baƙin ciki ne a kan na farko. Sau da yawa ba sai an kai ga haka ba, musamman in gashin mai santsi ne, don sulɓin da ke hana shi curewa shi ke sa ya warware da sauƙi. A fara da maganin ƙwarƙwata. Sannan a jiƙa kan da ruwan ɗumi, a cika shi da yauƙin karkashi ko mai, a rufe na awa ɗaya. A ɗauki kibiya a fara daga ƙarshen gashi, ana tsincewa kaɗan-kaɗan ana hawa sama. Wanda ya fara daga gindi ƙara ɗaure ƙullin yake yi. Aikin na iya cin kwana biyu ko uku, a raba shi, ba dole a gama a zama ɗaya ba.

Haka mai dada zai yi ranar da ya gaji da ita, ko aure ya zo surukai suka yi magana. In bai son aska, ya yanke rabin igiyar ya tsefe sauran. Zai ga tulin gashi a ƙasa har gabansa ya faɗi, amma ya tuna lissafin baya: a shekara guda sili 18,000 zuwa 36,000 ne suka zube suka zauna a cikin igiyoyin, yau ne kawai suka samu hanyar fita. Gashin da ya rage zai yi rauni na ɗan lokaci, a bar shi ya huta wata ɗaya ko biyu kafin a kama shi da wani kitso. In kuwa wanzami aka kira, a tanadi hula, don fatar da ta shekara a inuwa ba ta jure rana a makon farko.